Ba Tsutsa Ce Ke Cin Haƙori Ba

Har yanzu akwai masu zagaya kasuwanni da tashoshin mota suna tara jama'a da cewa wai za su fitar musu da tsutsar da ke cin haƙori. Abin takaici, cikin masu miƙa musu kuɗi har da ma'aikata da 'yan makaranta, waɗanda ake zaton sun fi ƙarfin wannan ruɗi.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a dattin da ke manne wa haƙora. Duk lokacin da aka sha zaƙi, sai su mai da sukarin ya zama wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye farin ɓawon haƙori sannu a hankali har ya yi kogo. Yawu yakan wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma sai an ba shi lokaci. Saboda haka yaron da ya wuni yana tsotsar alawa ɗaya bayan ɗaya ya fi shiga haɗari bisa wanda ya sha zaƙinsa lokacin cin abinci. Haka ma ma'aikacin da kofin shayi mai sukari ba ya barin teburinsa.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa zai fi kyau sukarin da baligi ke sha a rana kada ya wuce kimanin giram 25, watau ƙaramin cokali 6. Kwalbar lemo guda tana iya zarce wannan. Dokar Kuɗi ta 2021 ta aza harajin naira 10 kan kowace lita ta irin wannan lemo a Nijeriya, amma haraji ba ya goge wa kowa baki.

Rigakafin ba shi da tsada: a goge haƙora sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin barci, domin da dare yawu yana raguwa. A tofar da kumfar, kada a kurkure baki nan take. Asuwaki yana kawar da datti ƙwarai, sai dai ba ya ɗauke wa mai yawan shan zaƙi alhakinsa. Kogo kuwa, in ya riga ya buɗe, ba ya rufe kansa. Likita ne zai cike shi, in an je da wuri.

Ya kamata Ma'aikatun Ilmi da na Lafiya na jihohi su dubi abin da ake sayar wa yara a ƙofar makarantun firamare, su kuma riƙa aika ma'aikatan lafiya suna duba bakin ɗalibai ko da sau ɗaya ne a shekara.