Ba Saurin Hannu Ke Tsare Kwamfuta Ba

Wani marubuci ya shawarci masu kwamfuta su riƙa farauto kowane facin Windows da hannunsu, wai jiran na'ura ta sabunta kanta lalaci ne. Hujjarsa harin da aka kai wa kwamfutoci mai suna WannaCry. To, hujjar ce ma ta kayar da shi.

Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar da harin ya bi ta cikinta tun 14 ga Maris 2017, ta hanyar sabuntawar da ke sauka da kanta. Harin bai zo ba sai 12 ga Mayu, ya ratsa ƙasashe fiye da 150, ya durƙusar da asibitocin Ingila. Kusan wata biyu ke nan! Waɗanda abin ya rutsa da su ba jira suka yi ba: ko dai sun jinkirta sabuntawar, ko suna kan tsohuwar manhajar da aka daina kula da ita.

Masu gaggawa kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu a Oktoban 2018. Wasu da suka riga kowa sauke sabon Windows 10 sun tarar fayilolinsu sun ɓace, har kamfanin ya janye shi cikin 'yan kwanaki, kafin ya kai ga galibin masu jira. Marubucin bai ko ambaci wannan ba.