Aljanin Littafi Bai Raba Kowa da Salla Ba

A nan Dutsi, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura, wata fatawa ta zama ruwan dare: wai duk littafin da aka ambaci aljani, ko matsafi, ko zoben sihiri a cikinsa, ƙofar shirka ne, a ƙwace shi daga hannun yaro. Iyaye da yawa sun hau kai sun zauna. Ni dai ban yarda ba, kuma ina zargin mafi yawan masu faɗar haka bangon littafin kawai suka gani.

Wa ya fara rubuta mana irin waɗannan labarai? Malamai ne. A gasar rubutun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, Abubakar Imam, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ya shiga duniya neman ruwan magani har aljanu suka kama masa. Yayansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki, jarumin da ya ratsa ƙasashen aljanu da masu bautar gumaka yana yaƙi, yana musuluntarwa. Waɗannan mutane sun ƙoshi da fikihu tun a gaban mahaifinsu. Su ne ba su san iyakar tauhidi ba, sai mu?

Malamai sun daɗe da yanke cewa mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani da kansa ya kawo matsafan Fir'auna, da Haruta da Maruta, da ifiritun da ya yi wa Annabi Sulaimana tayin ɗauko gadon sarauniyar Saba, ga kuma sura sukutum mai sunan aljanu. Abin dubawa a labari shi ne wa aka bai wa iko a ƙarshe. Ka buɗe littattafan yaƙi da samari ke karantawa, a mafi yawansu matsafi ne ke shan ƙasa, tsafinsa ya karye a gaban wanda ya ambaci Allah. Ko wa'azin bakin kasuwa abin da yake faɗa ke nan.

Mu mutanen shiyyar Daura ma ya kamata mu fi kowa jin kunya. Da labarin macijin rijiyar Kusugu, da Bayajidda, da Daurama aka yaye mu, har yau baƙi na zuwa kallon rijiyar, ban kuwa ji wanda ya koma bautar maciji ba. Yaro ya san tatsuniya ƙarya ce, ai mai ba da ita ma da bakinta take faɗa in ta zo rufewa.

Ba na cewa duk littattafan nan na kirki ne. Wasu shirme ne, sara da suka shafi ɗari ba ma'ana. Wannan laifin alƙalami ne, a yi masa hukuncin alƙalami. A Kano an ƙona littattafan Hausa a 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, bokaye kuwa ko gezau, kasuwarsu na nan tana ci. Masu yi musu layi da tsakar dare, musamman in zaɓe ya ƙarato, manya ne masu furfura, ba ɗaliban sakandare ba.

Malam, kafin ka ƙwace littafin nan daga hannun ɗalibinka, don Allah ka karanta shi har shafin ƙarshe, sannan ka zaunar da yaron ku tattauna.