Toshe shafukan batsa: abin da kamfanonin sadarwa za su iya da abin da ya rage wa uwaye

Tun daga ranar 25 ga watan Yulin 2025, duk wanda ke Birtaniya ya nemi shiga shafin batsa sai ya tabbatar da cewa ya kai shekara 18, ko dai da katin banki, ko da takardar shaida, ko da hoton fuska wanda na'ura za ta duba ta kimanta shekarunsa. Kamfanin da ya ƙi bin wannan ƙa'ida zai iya shan tarar fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin da yake samu a duniya baki ɗaya. A Faransa, a farkon watan Yunin shekarar, kamfanin Aylo, wanda ke da wasu daga cikin manyan shafukan batsa na duniya, ya rufe ƙofarsa ga mazauna ƙasar don nuna adawa da irin wannan doka. A maƙwabciya Najeriya kuwa, a watan Maris majalisar wakilai ta buƙaci hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su toshe waɗannan shafuka, bayan wani ƙuduri da Dalhatu Tafoki, ɗan majalisa daga jihar Katsina, ya gabatar.

Maganar ta shafi Nijar kai tsaye. Kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, wayar salula mai intanet kuma ta shiga gidajen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai da sauri fiye da yadda aka koyi hanyar tsare yara daga abin da ke cikinta. Duk sa'ad da wani bidiyon rashin ɗa'a ya bazu a gari, ra'ayi kan rabu biyu. Wasu su ce hukuma ta tilasta wa Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms su toshe komai. Wasu su ce tarbiyya aikin gida ce, wanda ya saya wa yaro waya shi ke da alhakin sa masa ido. Ƙasashen da suka riga suka gwada sun bar darussan da ke nuna iyakar kowane ɓangare.

Abin da Birtaniya ta gwada

A watan Yulin 2013 Firaminista David Cameron ya sanar da cewa manyan kamfanonin intanet huɗu na ƙasar, BT, Sky, TalkTalk da Virgin Media, za su sa wata irin rariya mai tace shafuka a layin kowane gida, mai gidan ya zaɓa ko a bar ta ko a cire. Bayan shekara guda hukumar Ofcom mai kula da sadarwa ta fitar da alƙaluman sababbin masu layi da suka karɓi rariyar: kashi 4 cikin 100 a Virgin Media, kashi 5 a BT, kashi 8 a Sky. A TalkTalk ne kawai, wanda ya riga sauran farawa, adadin ya kai kashi 36. Mafi yawan magidanta sun ce a cire.

Rariyar kanta ta yi ta kuskure. Wani binciken BBC a ƙarshen 2013 ya gano cewa tana toshe shafukan ilimin lafiyar jiki da na ƙungiyoyin da ke taimaka wa matan da aka ci zarafinsu, alhali wasu shafukan batsa na gaske suna wucewa. Dalili kuwa shi ne na'ura kalmomi da adireshi take dubawa, sau da yawa ba ta rarrabe darasin ungozoma da fim ɗin banza.

Daga nan gwamnatin ta karkata zuwa ga tantance shekaru. Dokar farko ta 2017 an jingine ta a 2019 ba tare da ta fara aiki ba. Ta 2023 ce ta fara aiki a Yulin 2025, kuma cikin ƴan kwanaki manhajojin VPN, waɗanda ke sa waya ta zama kamar tana wata ƙasa, suka hau sahun gaba a jerin abin da ake saukewa a ƙasar. Wannan bai nuna cewa dokar ba ta da amfani ba. Yaro ɗan shekara 9 da zai faɗa shafi bisa kuskure, ƙofar da aka rufe za ta tsayar da shi. Saurayi ɗan shekara 16 da ya ƙudura niyya kuwa, abokinsa zai nuna masa hanyar zagayawa cikin minti biyar.

Faransa ta bi hanyoyi biyu a lokaci guda. Hukumar Arcom ta ƙiyasta a 2023 cewa yara miliyan 2.3 ne ke ziyartar shafukan batsa kowane wata a ƙasar. Dokar Mayun 2024 ta ba hukumar ikon sa a toshe shafin da bai tantance shekaru ba. Wata dokar kuma ta Maris 2022, wadda ta fara aiki a Yulin 2024, ta wajabta wa masu ƙera waya da kwamfuta su sa tsarin kulawar uwaye a cikin na'urar, kyauta, a kuma nuna shi ga mai saye tun kunnawar farko. Ta biyun ba ta yi amo kamar ta farko ba, amma ita ce ta fi kusa da matsalar da ake da ita a Nijar.

Hanyar da abin ke bi ya isa ga yaro

Kamfanin sadarwa yana ganin sunan shafin da waya ta nema, kuma yana iya hana ta isa can. Abin da ke cikin saƙon WhatsApp kuwa ba ya ganinsa, don tun 2016 saƙonnin a kulle suke tafiya daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa. Haka nan ba zai iya cire bidiyo ɗaya daga cikin TikTok, Facebook, X ko Telegram ya bar sauran ba. Ko dai ya bar manhajar gaba ɗaya, ko ya rufe ta ga kowa, har da ɗan kasuwar da ke tallan hajarsa da malamin da ke tura karatu ga almajiransa.

Ko a Ingila, inda intanet ke ko'ina, wani rahoton ofishin kwamishiniyar yara na Janairun 2023 ya nuna cewa matasa sun fi cin karo da batsa a Twitter, wato X na yanzu, fiye da shafukan da aka keɓe don ita: kashi 41 cikin 100 a can, kashi 37 a nan. Rahoton ya ce a ƙiyasi yaro kan fara gani yana da shekara 13, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun gani kafin su wuce shekara 11.

A garuruwan Nijar akwai ƙarin wata hanyar da ba ta bi ta kan intanet ko kaɗan. Saboda tsadar mega, yawancin fina-finai da waƙoƙi daga waya zuwa waya suke tafiya, ta Xender ko Bluetooth, ko a ƙaramin katin ajiya da ake cikawa a rumfunan caji da tura fina-finai a bakin kasuwa da tasha. Mutum ɗaya ya sauke, unguwa guda ta samu. Ba kamfanin da rariyarsa za ta kai ga wannan. A garuruwan kan iyaka kamar Ɗan Isa da Birnin Ƙonni kuma mutane da yawa na riƙe da layukan Najeriya, waɗanda umarnin hukumar ARCEP ta Nijar bai hau kansu ba.

Wa zai riƙe makullin

Akwai wata tambayar da masu kiran a toshe ba su cika tsayawa a kanta ba: wa zai rubuta jerin shafukan, kuma wa zai binciki mai rubutawar? Na'urar da ke toshe shafin batsa ita ce dai za ta toshe shafin jarida ko na ƙungiyar farar hula in aka sa sunansa a jerin. Ƴan Nijar ba su manta ba, a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan bayyana sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na wayar salula kusan kwana goma. Masu ciniki ta waya da ɗalibai sun ji a jikinsu. Duk dokar toshewar da za a yi, kowace gwamnati ce ke kan mulki, tana buƙatar iyaka a rubuce: irin abin da za a toshe, alƙalin da zai amince, da inda mai shafin da aka toshe bisa kuskure zai kai ƙara.

Tantance shekaru irin na Turai ma yana da nasa haɗari. Yana nufin tara takardun shaidar mutane tare da bayanin abin da suke kallo, kuma in irin wannan rumbu ya faɗa hannun ɓatagari, ya zama makamin tona asiri da karɓar kuɗi. Hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a za ta sami babban aiki a gabanta kafin a yi tunanin kwaikwayon wannan tsari.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne batsar da aka yi da ƙananan yara. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Yulin 2019 ta riga ta haramta ta, kuma a nan aikin na ƴan sanda ne da kotu, tare da haɗin kan kamfanoni.

Nauyin uwaye da iyakarsa

Masu cewa tarbiyya daga gida take farawa suna da gaskiya, amma maganar tana da sauƙin faɗi. Fiye da rabin manya a Nijar ba su iya karatun boko ba, saitin waya kuma da Faransanci ko Turanci yake zuwa. A gidaje da yawa yaron da ake son a tsare shi ne ke buɗe wa mahaifinsa WhatsApp, shi ke sa wa mahaifiyarsa lambar sirri. Akwai kuma gidajen da uba ya tafi cirani Libiya, Aljeriya ko Kwaddibuwa ya aiko da waya don a riƙa gaisawa, wayar ta kwana a hannun yara. Ce wa irin wannan uwa ta kula, ba tare da an nuna mata yadda ake yi ba, ɗora mata laifi ne kawai.

Duk da haka akwai abubuwan da ke hannun kowane gida, kuma ba su buƙatar kuɗi. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix da suka cika kasuwa na aiki da Android, wanda ke da manhajar Family Link ta Google, kyauta: tana ba uba ko uwa damar hana sauke manhaja sai da izini, da ƙayyade lokacin da wayar yaro za ta kulle da dare. YouTube da TikTok suna da saitin taƙaita abin da ake nunawa. A WhatsApp ana iya hana baƙo jefa lambar yaro cikin rukuni, a kuma hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Dokokin TikTok, Facebook da WhatsApp su kansu sun ce sai wanda ya kai shekara 13. Wanda bai iya waɗannan ba, yaya ko ƙanin uba ko malamin makaranta zai iya yi masa cikin rabin awa.

Sauran kuma ba ruwansu da na'ura. Waya ta kwana a ɗakin uwa. A san rumfar da yaro ke kai katinsa. Mafi wahala shi ne magana, don kunya ta hana uwaye da yawa taɓo wannan batu, alhali yaron da ya san za a yi masa duka in ya faɗi abin da aka turo masa, ɓoyewa zai yi. Irin wannan ɓoyo ne masu yaudarar ƴan mata su karɓi hotunansu, daga baya su yi musu barazanar watsawa, suke dogara da shi. Al'ada ta tanadi masu yin wannan magana in ta yi wa uwa da uba nauyi: kaka, gwaggo, kawu.

Abin da ya dace a nema daga kamfanoni da hukuma

In aka duba waɗannan darussa, buƙatar da ta fi ma'ana ita ce a ba gida makami, a bar masa zaɓi. Tun da kowane layi da takardar shaida ake yi masa rajista, kamfanoni na iya buɗe layin yara: uba ya sayi layi da sunansa, ya buga wata gajeriyar lamba kamar yadda yake sayen mega, a kunna rariya a wannan layin kaɗai, ba kuma mai iya kashe ta sai shi. Wannan zai tsare ƙanana daga faɗawa bisa kuskure ba tare da an taɓa layin kowa ba. ARCEP na iya sa shi cikin sharuɗɗan lasisi, ta kuma hana a caji kuɗi a kansa.

Masu shigo da waya da masu sayarwa za a iya neman su nuna wa mai saye saitin kulawa kafin ya bar shago. Magadan gari da ƙungiyoyin ƴan kasuwa na iya zama da masu rumfunan tura fina-finai a kafa ƙa'ida kan abin da ba a sa wa yaro a kati, tun da su sanannu ne a unguwa, ba kamar mai shafin da ke wata nahiya ba. Gidajen rediyon al'umma, waɗanda suka fi kowace jarida isa ga uwaye, na iya koyar da waɗannan saituna mataki-mataki. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, ba kamfanin da ke da uzurin aiko da irin wannan bayani da Faransanci kaɗai.

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. A wannan batu ma'anarsa ita ce kamfani ya samar da layin yara, hukuma ta hukunta masu lalata da ƙanana ta kuma tsaya cikin iyakar doka, makaranta da masallaci su koyar, gida kuma ya yanke shekarun da yaro zai fara riƙe waya da inda za ta kwana. Uban da ke shirin saya wa ɗansa waya don ya ci jarrabawar BEPC zai iya farawa da tambayar mai shago ya kunna masa Family Link kafin ya biya kuɗin.