Haihuwa kyauta ce a Dakoro, to kuɗin da ake turowa na mene ne?

Tun ranar 1 ga watan Satumban 2024 haihuwa ta zama kyauta a asibitocin gwamnati a Jamhuriyar Nijar. Majalisar ministoci ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani ce ta amince da hakan a watan Agustan shekarar, cikin dokar da ta zabge rabin kuɗin ganin likita, kwanciya, gwaje-gwaje da aikin tiyata. Duk da haka, ɗan Dakoro da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya ko Legas bai daina samun kiran tsakar dare ba: an kai maiɗakinka likita, a turo kuɗi. Sai ya ruga ya tura, sau da yawa bai ma san abin da za a biya da su ba.

Wannan ba shi ne karon farko da gwamnati ta ce kyauta ba. A watan Nuwamban 2005, zamanin Shugaba Mamadou Tandja, an soke kuɗin tiyatar ciro jariri. A 2006 aka ƙara da awon ciki, tsarin iyali da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5. Haihuwar da ta zo da sauƙi ce aka bari ana biya, ita ce dokar 2024 ta cike.

Abin da ya faru da tsarin 2006 shi ne ya kamata a riƙe a rai. An tsara cewa asibiti zai yi aiki, ya rubuta lissafi ya aika Yamai, gwamnati ta maido masa da kuɗinsa. Kuɗin suka riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi diddigin abin da ya biyo baya. Tun da aka rungumi tsarin Bamako na 1987, da kuɗin da majinyata ke biya ne cibiyar lafiya ke sake sayen magani. Da aka toshe wannan ƙofar, kuɗin gwamnati kuma ba su iso ba, sai kantin maganin asibiti ya bushe. Ungozoma ba ta karɓi ko dala a hannunka ba, amma ta miƙo maka takarda ka je kanti ka sayo ruwan ƙari, safar hannu, zaren ɗinki da allura. Kyautar tana nan a rubuce, aljihu kuma ya ji a jikinsa.

A Dakoro akwai ƙarin nauyi, wato nisa. Gundumar tana da faɗi, ƙauyuka da rugage sun warwatsu daga Kornaka da Sabon Machi har zuwa arewa inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara. Macen da naƙuda ta yi wa gardama a ƙauye sai an kai ta cibiyar CSI mafi kusa, a amalanke ko a babur. In abin ya fi ƙarfinsu a tura ta asibitin gunduma a garin Dakoro. In nan ma ya gagara, sai Maradi, tafiyar sama da kilomita 100, zuwa cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro. Kowane zango da kuɗinsa: man mota, abincin masu jinya, wurin kwana, da neman wanda zai ba da jini idan ta zubar da yawa, tunda galibi dangi ake cewa su kawo mai bayarwa. Zubar jini kuwa na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce mata 441 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijar, a ƙasar da binciken 2021 ya nuna mace na haifar 'ya'ya 6 da 'yan kai.

To ina wurin ciniki a nan? A ganina, mafi yawan cinikin da ake yi a bakin ɗakin haihuwa ɓata lokaci ne, kuma lokacin na mai naƙuda ne. Mutum yana roƙon a rage masa abin da doka ta riga ta yafe, don bai san an yafe ba. Kuɗin haihuwa da na tiyatar ciro jariri ba abin neman ragi ba ne a asibitin gwamnati. Wanda aka ce ya biya, haƙƙinsa ne ya tambaya cikin ladabi: kuɗin mene ne, kuma a wace taga ake biya? Duk abin da aka biya a karɓi rasit. Kuɗin da aka ce ba shi da rasit, magana ce ta shugaban cibiyar ko ta kwamitin al'umma da ke sa ido kan kuɗin asibiti, wanda ake kira COGES. Mutanen gari ne ke cikinsa, amma ƙalilan ne ke tunawa da shi.

Inda magana ke da amfani shi ne takardar magani. Ana iya tambayar ma'aikaci wanne ake buƙata yanzu-yanzu, wanne zai iya jira zuwa gobe, kuma ko akwai irinsa mai araha wanda ba na babban kamfani ba. Yawancinsu za su faɗa maka gaskiya. Su ma ba daɗi suke ji ba su tura mutum kanti alhali an sanar a rediyo cewa kyauta ne, su ne kuma ke shan zagin. Asibitin kuɗi lissafinsa daban ne, dokar ba ta shafe shi ba. Can kam a yi jinga tun ciki na wata bakwai, a ji abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da za a ƙara idan aka shiga tiyata.

Ga 'yan ci-rani, matsalar ba yawan kuɗin ba ce kamar lokacin isowarsu. Jika ashirin da ke ajiye a hannun uwar miji ko yayan matar tun kafin watan haihuwa ta fi jika hamsin da za ta iso bayan an kwana ana neman mai mota. Wanda ke aiki a Najeriya ma ya fi kowa sanin haka, don tun faɗuwar naira a 2023 abin da yake turawa ya ƙanƙance idan an canza shi zuwa sefa. Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi: a bar wa na gida izini tun da wuri, kada a zauna jiran wayar maigida ta shiga kafin a ɗauki mace zuwa likita.

Sauran aikin na gwamnati ne. Soke kuɗin haihuwa mataki ne mai kyau, sai dai ya ƙara wa baitulmali wani bashin da zai riƙa biyan asibitoci, a kan wanda ya gada tun 2006. Ma'aikatar lafiya za ta taimaki kowa idan tana bayyana nawa ta maido wa kowace gunduma da kuma ranar da ta biya, sannan a manna jerin abin da ke kyauta da abin da ake biya a ƙofar kowace CSI, da Hausa, a kuma karanta shi a gidajen rediyon al'umma. Mazauna Dakoro da ke Yamai da ƙasashen waje suna da ƙungiyoyi da zaurukan WhatsApp, suna iya fara neman wannan jerin daga hukumar lafiya ta gundumar su raba wa ƙauyukansu.