Daga Allon Malam: Firji Na Gurnani Ya Ƙi Tashi

A wannan wata za mu ajiye zancen makaranta, mu taɓo wata matsala da ke cin dukiyar direbobinmu da matanmu masu sana'ar ƙanƙara, wato firjin da ke gurnani ya ƙi tashi.

Mutanen Guéné ba za su manta da shekarar 2023 ba. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano suka yi jerin gwano a bakin hanyar nan da ta ratsa garinmu. Direbobi da yaran mota, da yawansu 'yan uwanmu Hausawa, suka yi makonni, wasu watanni, mota ta zama musu ɗaki da kicin. Masu hali suka sayi inbata, wadda wasu ke ce wa kombatisar, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, suka jona fanka da ƙaramin firji.

A lokacin ne wani direba ya same mu bayan an tashi daga makaranta. Ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, ku duba mini. A jikin firjin an rubuta wat 100, a jikin inbata an rubuta wat 300. To, yaya ɗari uku ta kasa ɗaukar ɗari?" Muka je muka gani. Da an jona sai firji ya yi gurnani, inbata ta yi kuka, a ji ƙas, komai ya mutu. Lissafinsa daidai ne, sai dai akwai abin da ba a rubuta a jikin firjin ba.

Duk wanda ya taɓa tura kura cike da jarkokin ruwa ya san inda wahala take. Ɗaga ta daga tsaye shi ne aiki. In ta fara gungurawa, yaro ma sai ya riƙe ta. Haka injin firji yake, wanda masu gyara ke kira kwamfireso. A daƙiƙar farko yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya kama aiki. Ke nan firji mai wat 100 yana iya neman wat 500 zuwa 700 kafin ya tashi, babban firjin ƙanƙara mai wat 150 kuwa ya doshi 1,000. Famfon ruwa na lantarki da na'urar sanyaya ɗaki duk halinsu ke nan. Ƙwan fitila da cajar waya ba su da wannan ɗabi'a, shi ya sa suke ci lafiya a inda firji ya gagara.

In wuta ba ta kai ba, injin ba ya juyawa, amma yana ta jan wuta yana zafi. Akwai ɗan maɓallin kariya a jikinsa da ke yanke wutar, shi ne ƙas ɗin da ake ji. In ya huce ya sake gwadawa. Aka bar shi a haka kwana da kwanaki, wayar cikinsa ta ƙone, an koma neman kuɗin sabon kwamfireso.

Shawararmu ta farko ita ce a sayi inbata ko janareta don tashin firji, ba don tafiyarsa ba. A dubi abin da aka rubuta a jikin firji, a ninka sau bakwai, a nemi na'urar da za ta iya ba da wannan ko da na 'yan daƙiƙoƙi ne. Ƙananan janaretan nan da ake shigowa da su daga Nijeriya, masu lambar 950 a jiki, ƙarfinsu na gaskiya wajen wat 650 ne. Inbata kuma iri biyu ce. Akwai mai araha, wadda wutarta ke fita da tsalle-tsalle, tana sa inji gurnani da zafi. Akwai mai ba da wuta sumul irin ta kamfanin SBEE, bolt 220. Ta biyun ta fi tsada, amma ita ce ta dace da duk abin da ke da inji a ciki. Araha ba ta ado.

Na biyu, waya. A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Muna koya wa ɗalibai cewa wat shi ne bolt sau amfa. Wat 1,000 a wutar gida ba ta kai amfa 5 ba. A batirin babbar mota mai bolt 24 ta haura amfa 40, a na ƙaramar mota mai bolt 12 kuwa ta haura 80. Siririyar wayar da ake ja wa ƙwan fitila ba ta iya ɗaukar wannan. Wuta za ta raunana a hanya, wayar ta yi zafi, wani lokaci ta kama da wuta a ƙarƙashin katifar direba. Tsakanin batir da inbata a sa waya mai kauri irin ta batirin mota, gajera, a ɗaure bakinta tam, a kankare tsatsa, a sa fiyus kusa da batir.

Na uku, batirin kansa. Babbar mota batir biyu take da shi, kowane bolt 12, an haɗa su sun ba da 24. Wasu kan ɗebi wuta daga guda ɗaya kawai. Wannan yana sa ɗaya ya rame, ɗaya ya sha caji fiye da kima, a ƙarshe a rasa duka biyun. Kuma batirin tayar da mota ba a yi shi don a tatse shi dare guda ba. Direban da ya sha ruwan sanyi da dare, da safe mota ta ƙi tashi, bai ci riba ba. Gara a ware batir na dabam don zaman mota, a ɗora masa faifan hasken rana a kan rufi, kada kuma a bari ya sauka ƙasa da rabi.

Na huɗu bai cin ko dala. In wuta ta ɗauke ta dawo, a jira minti biyar kafin a mayar da firji, domin iskar cikinsa ta daidaita, inji ya sami sauƙin juyawa. In ana da kaya da yawa, a fara ta da firji shi kaɗai, sa'an nan a kunna sauran ɗaya bayan ɗaya. Matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo a ranar kasuwar dabbobi ta Guéné, wannan ya shafe ku. In kun ga fitila ta yi ja da magariba, wuta ta yi rauni, ku zare firji, ko ku sa masa sitabilaiza mai jinkirta tashi.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Amurka da Turai akwai motocin da aka mayar gida, da gado da kicin, mutane na yawon hutu a ciki. Su ma na'urar sanyaya ɗakinsu kan gagari ƙaramin janareta. Maganin da suka samo shi ne wata 'yar na'ura da ke sakar wa inji wuta sannu a hankali, sai jan farko ya ragu da rabi ko fiye. Akwai kuma ƙananan firji da aka ƙera don mota, masu aiki kai tsaye da bolt 12 ko 24, ba ruwansu da inbata. Direban da zai sayi sabo ya tambayi irin wannan a Kwatano ko Parakou.

Gargaɗi na ƙarshe: kada a kuskura a kwana da janareta a kunne cikin mota, ko cikin ɗaki, ko ƙarƙashin tamfol. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Shi dai direban namu ya sauya inbata da waya, firjinsa ya tashi, har muka sha ruwan sanyi a inuwar motarsa kafin ya bar garin. Mai tambaya ya aiko da wasiƙa ta ofishin wannan jarida. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.