Sharhi: 1950, Shekarar da Ƙuri'a ta Yi Magana a Turkiyya

 Sharhinmu na yau zai duba shekarar 1950 a Turkiyya, shekarar da jam'iyyar CHP ta Mustafa Kemal Ataturk ta bar gadon mulki bayan shekara 27 tana kai.

A zaɓen 1946, a fili ake kaɗa ƙuri'a, a ɓoye kuma ake ƙirgawa, don haka 'yan adawa suka yi ta kukan maguɗi. A farkon 1950 majalisa ta gyara doka: a kaɗa ƙuri'a a asirce, a ƙirga a bainar jama'a, alƙalai kuma su sa ido. Ranar 14 ga Mayu, manoman Anatoliya da 'yan kasuwar birane suka yi tururuwa zuwa rumfunan zaɓe, jam'iyyar adawa ta Demokrat ta lashe kujeru sama da 400 daga cikin 487.

Shugaba Ismet Inonu, gwarzon yaƙin 'yancin ƙasar kuma na hannun daman Ataturk, yana da soja yana da hukuma. Duk da haka ya miƙa mulki ya koma kujerar adawa. Celal Bayar ya zama shugaban ƙasa, Adnan Menderes kuma firaminista.

Ba a jima ba talaka ya ji canjin da kunnensa. Tun 1932 da harshen Turkanci ake kiran salla a masallatan ƙasar, kuma daga 1941 duk ladanin da ya yi da Larabci yana iya shan ɗauri ko tara. Ranar 16 ga Yuni, ana jajiberin azumi, majalisa ta soke wannan hukunci, har da ƙuri'un wasu 'yan CHP. Bayan shekara 18, kabbara ta sake tashi da Larabci daga hasumiyoyin Istanbul da Konya. A watan Yuli aka yi afuwa ga fursunoni, mawaƙi Nazim Hikmet ya fito bayan shekara 12 a kurkuku. A watan ne kuma gwamnati ta yanke shawarar tura sojoji yaƙin Koriya, abin da ya share mata hanyar shiga ƙungiyar NATO a 1952.

Sai dai daɗin bai ɗore ba. Da tafiya ta yi nisa, gwamnatin Menderes ta fara matsa wa 'yan jarida da 'yan adawa, soja suka hamɓarar da ita a 1960, aka rataye Menderes a 1961. Abin takaici ne ƙwarai, domin ƙasar da ta taɓa sauya gwamnati cikin lumana tana da hanyar sake yin haka.

Darajar 1950 tana wuyan mutum biyu: mai zaɓen da aka bari ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro, da shugaban da ya sha kaye ya amince. Duk ƙasar da ta rasa ɗaya daga cikinsu, zaɓenta zai zama asarar kuɗi da lokaci. Mu kwana nan.