A Auna Bukatar Yaro Mai Raunin Ji Kafin a Yanke Masa Hukunci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa yara miliyan 34 ne ke fama da raunin ji mai bukatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya yi mata rigakafi. Sanƙarau da ƙyanda da hangum da shawarar jarirai da ciwon kunne mai zubar da ruwa duk suna haddasa ta, kuma babu baƙo cikinsu a ƙasar Hausa.

Abin takaici shi ne yadda muke yi wa waɗannan yara kuɗin goro, mu kira su bebaye, mu ɗauka matsalarsu ɗaya ce. A ganina wannan kuskure ne babba. Yaron da aka haifa ba ya ji, bukatarsa ita ce ya sami harshe tun da wuri. Wanda sanƙarau ya kurumtar yana ɗan shekara goma kuwa, yana da Hausa a bakinsa, abin da yake bukata shi ne kada ta kuɓuce masa. Akwai kuma mai ji sama-sama, wanda ake yi wa kallon daƙiƙi a aji, alhali da za a dawo da shi layin gaba, a sa masa na'urar ƙara ji, da ya wuce sa'o'insa.

Saboda haka awo ya kamata ya zo kafin magani. Likita zai gwada kowane kunne daban, ya gano ƙarfin sautin da yaro ke iya ji, wanda ake aunawa da desibel, ya kuma tantance ko cutar a tsakiyar kunne take ko a can ciki. Masana sun ba da shawarar a gwada jariri cikin watansa na farko, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma na'ura ba ta auna komai. Wajibi ne a duba yadda yaro ke sadarwa a gida, da karatunsa, da zamansa cikin abokai. Saurayi da budurwa kuwa, a tambaye su abin da suke so, domin na'urar da matashi ke jin kunyar sawa a aljihu za ta ƙare. Kada kuma a raina maganar hannu ta kuramen Kano, domin cikakken harshe ce, kamar yadda binciken Constanze Schmaling na shekarar 2000 ya nuna.

Malamai, ku ne kuka fi kowa ganin yaran nan. Ɗalibin da ke zura wa bakinku ido, ko yake yawan cewa a maimaita, a tura shi awon ji kafin a ɗauko bulala.